Kogin da ke Cika Sau Biyu a Shekara

A watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe sararin Yamai, ciyawa ta bushe ƙarau, rabon ƙasa da ruwan sama an haura wata uku, a daidai lokacin ne kogin Kwara yake cika har baki. Baƙon da ya leƙa daga kan gadar Kennedy zai yi mamakin inda wannan ruwa ya fito alhali ko gajimare babu. Ruwan daminar da ta wuce ne. Tun cikin Agusta da Satumba ya sauka a kan duwatsun ƙasar Gini, sai yanzu ya iso.

Kogin nan da littattafan makaranta ke kira Neja, Zabarmawa kuma su ce masa Isa, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,200, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Mafarinsa yana kusa da iyakar Gini da Saliyo, bai fi tazarar kilomita 240 daga Tekun Atilantika ba. Amma maimakon ya gangara teku ta gajeriyar hanya, sai ya ba ta baya ya nufi arewa maso gabas. Ya ratsa Bamako da Segu, ya je har bakin Sahara wajen Tumbuktu, sannan ya karya ya yo kudu ta Gawo, Tilaberi, Yamai da Gaya. Ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya bi ta Yawuri da Jabba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, kafin ya faɗa teku. Wannan doguwar kewaya ita ce ta sa ruwan ƙasar da damina ke yi wa ɓarin ruwa yake isa ga ƙasar da ke roƙon yayyafi.

Duk wanda ya zauna a gaɓar Kwara abu biyu yake aunawa tun kaka da kakanni: iya tsayin da ruwa ke kaiwa, da lokacin da yake zuwa ya kuma janye. Da wannan lissafi ake zaɓar inda za a kafa gari, inda za a ajiye rumbu, wace gona za a ba shinkafa, wace za a bar wa gero, yaushe shanu za su sauko, yaushe masunci zai kafa tarkonsa. Mu da ke nesa da gulbi mukan ɗauka yawan ruwa ne kaɗai arzikinsa. Mutumin gaɓa ya san ruwa mai yawa da ya zo ba a kan lokaci ba masifa ne.

Inda ruwa ke yada zango

Dalilin jinkirin yana tsakiyar ƙasar Mali. Da kogin ya wuce Segu, sai ya shiga wani shimfiɗaɗɗen fili mai tsawon kusan kilomita 400, inda gangaren ƙasa bai wuce santimita kaɗan a kowace kilomita ba. Nan ruwa ke rasa hanya ɗaya da zai bi. Sai ya rarrabu cikin rassa da tafkuna da ƙoramu, ya malale faɗin ƙasa, kogin Bani ya zo ya ƙara masa a Mopti. Cikar da ta wuce Bamako a Satumba ba ta kai ƙololuwa a Mopti sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, ba ta isa wajen Tumbuktu sai Disamba. A hanya rana ta shanye kaso mai yawa, laka kuma ta kwanta. Abin da ya fita ta ɗaya gefen ruwa ne tatacce mai duhu-duhu, shi ya sa masana ruwa ke kiransa baƙar cika.

A irin wannan ƙasa ba a gina gida ko'ina. Garuruwa a kan tudun da ruwa ba ya hawa suke, kuma yawancin tuddan mutane ne suka ɗaga su da kansu: gini ya rushe a yi wani a kansa, shara da toka da fasassun tukwane su taru, zuriya bayan zuriya, har wuri ya yi tsayi. Idan ruwa ya zo, kowane ƙauye ya koma tsibiri, zuwa kasuwa ko ziyara sai da kwale-kwale. Kusa da birnin Jenne akwai irin wannan tsohon tudu, Jenne-Jeno, wanda masu binciken kufai Roderick da Susan McIntosh suka fara tonawa a 1977. Sun gano an zauna a wurin tun kimanin shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a cikin tarkacen akwai ƙaiƙayin shinkafa da ƙayar kifi da ƙasusuwan shanu. Shinkafa, kifi, shanu: abubuwa ukun da har gobe su ne rayuwar yankin.

Shinkafar ma 'yar gida ce. Afirka tana da irin shinkafarta daban da ta Asiya, jar shinkafa mai jure wahala, kuma masana da yawa na ganin a wannan fadama aka fara nomanta shekaru dubbai da suka wuce. Yadda ake noman nau'inta mai bin ruwa ya isa a tsaya a kalla. Manomi yakan yi huɗa ya watsa iri da ruwan sama na farko, wajen Yuni ko Yuli, tun kogi bai motsa ba. Yana buƙatar ruwan sama ya tsirar da ita ta ɗan yi ƙarfi kafin cika ta iso gonar. In kogi ya yi sammako, ya nutsar da tsiro. In ya makara, rana ta ƙone shi. In kuwa Allah ya sa an dace, ruwa ya shigo a hankali, to sai a shiga tsere: ruwa na hawa, karan shinkafa na miƙewa, kullum kanta a sama, har kara ya kai mita biyu ko uku yana lilo a cikin ruwa. A wasu wuraren a cikin kwale-kwale ake girbi, ana janyo zangarniya da hannu ana yanka. Amfanin ba shi da yawa, galibi bai kai tan ɗaya a hekta ba. Sai dai babu kuɗin taki, babu na man inji, kogi ne ya yi ban-ruwa kyauta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda fili ɗaya ke da masu shi uku a cikin shekara guda. Sa'ad da ruwa ya rufe shi, kifi ke shiga cikin ciyawa ya hayayyafa. Da ruwa ya fara ja, kifi ya nemi komawa cikin kogi, sai masunta 'yan ƙabilar Bozo su tare mashigai. Manoma su kwashe shinkafa. Daga nan Fulani su sauko da shanun da suka yi damina a jejin arewa, su ƙetara kogi a Jafarabe, ƙetarawar da ta zama babban biki, su shiga cikin ciyawar ruwa da suke kira burgu, wadda ke riƙe garke har ƙarshen rani. Shanu su ci, su bar taki, ruwa ya dawo.

Irin wannan karɓa-karɓa ba ta tafiya sai da doka. Shehu Ahmadu Lobbo, wanda jihadinsa ya biyo bayan na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa daular Masina a 1818 da hedikwata a Hamdallahi, ya kuma tsara burtali da makiyaya da jerin wanda zai fara shiga da wanda zai biyo baya. Masu kula da makiyaya, waɗanda ake kira jowro, har yau suna nan. Amma tsarin ya sha matsi. Gonaki sun ci burtali, makiyaya talakawa na kukan tsadar kuɗin shiga burgu, kuma waɗannan ƙorafe-ƙorafe na cikin abin da masu ɗauke da makamai suka yi amfani da shi wajen samun gindin zama a yankin Mopti tun daga 2015. Rikicin yana da tushe da yawa, ɗaya daga ciki kuwa shi ne fadamar ta tsuke. A shekarun 1950 masu ruwa, cika kan rufe fiye da murabba'in kilomita 30,000. A farin 1984 ba ta kai 10,000 ba. Tafkin Fagibin da ke yamma da Tumbuktu, wanda a da ake shuka dawa a gindinsa duk inda ruwa ya ja, ya ƙafe kusan baki ɗaya, mutanensa da yawa suka watse.

Hannun mutum ma ya taɓa. A 1932 Turawan Faransa suka kafa hukumar Office du Niger bisa shawarar injiniya Émile Bélime, da burin shayar da kusan hekta miliyan ɗaya domin auduga da shinkafa. Da aikin tilas aka gina madatsar Markala, aka gama a 1947, aka kuma kwaso iyalai, ciki har da Mossawa daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, aka zaunar da su a bakin magudanan ruwa ko suna so ko ba sa so. Audugar ba ta yi ba, aka watsar da ita wajen 1970. Filin da ake nomawa yau ɗan kaso ne na abin da aka yi mafarki, amma shi ne rumbun shinkafar Mali. Sai dai duk ruwan da aka karkatar a Markala, wani masunci ko makiyayi a can ƙasa ne ya rasa shi, domin a ƙasa mai laushin gangare irin wannan, raguwar ɗan taƙi a tsayin cika na nufin gonaki masu yawa da ruwa ba zai taka ba.

Yamai: birnin da ya manta iyakar ruwa

A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkin Nijar daga Damagaram suka mayar Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha a Damagaram na cikin dalilan. Tsohon garin a kan tudun gaɓar hagu yake. Gaɓar dama, wato Harobanda, ƙasa ce mai kwari, ta shinkafa da lambuna. Da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, sai gari ya ƙetara. Jami'a ta zauna a can, unguwanni suka biyo baya.

Aka yi rashin sa'a wannan faɗaɗa ta zo daidai da shekarun fari. Kogi ya yi ta raguwa, har a watan Yunin 1985 ya tsaya cik a Yamai, ya daina gudu. Wanda ya taso a wannan zamani ya ga kwari a bushe shekara da shekaru, ya sayi fili mai araha, ya yi gini. Ba na ganin laifinsa. Talakan da fari ya koro daga ƙauye ba shi da kuɗin fili a kan tudu, kuma hukumar da ta yanka filaye a kwari ta fi shi sanin tarihin ruwan.

Sannan kogi ya dawo, amma da sabon hali. Yamai tana da cika biyu. Ban da baƙar cika ta hunturu, akwai jar cika ta Agusta da Satumba, wadda rafukan Gorouol da Dargol da Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, ruwa ja wur da ƙasar marmara. A da ita ce ƙarama. Amma fari da saran itace da yawan noma sun tsiraita ƙasa, fuskarta ta daskare, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwaranyo gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki yana jan yashi yana cike cikin kogi. Yanzu jar cika kan zarce baƙar. A Satumban 2020 ma'aunin ruwa na Yamai ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna shi. Shingen ƙasa ya ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde da Kirkisoye da Saga, ya cinye gidaje da gonakin shinkafar da hukumar ban-ruwa ta ONAHA ke kula da su. Baƙar cika tana aiko da labari makonni kafin ta iso, domin ana ganinta tana tahowa daga Mali. Jar cika kwana kaɗan take bayarwa.

Daga Kebbi zuwa gungun Yawuri

A Najeriya ruwan damina na gida fari-fari yake saboda irin lakar da yake ɗaukowa, don haka a nan farar cika ake cewa. Babban mai kawo shi ta arewa shi ne gulbin da ya haɗa ruwan Rima da na Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi. Faffaɗar fadamarsa ita ce ta raini Kabawa da su da shinkafa, kuma dubi yadda garuruwan suke jere a bakin tudu, fadama a gabansu, jigawar gero a bayansu. Magidanci yana da ƙafa ɗaya a kowanne. In damina ta yi ƙaranci fadama ta rufa asiri, in ruwa ya yi yawa ya ci fadama, geron tudu ya ciyar da gida.

Injin ban-ruwa da 'yar rijiyar da ake haƙawa a fadama sun sauya wannan ma'auni. Noman rani ya bunƙasa, a Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, jama'a suka zuba jarinsu kacokan a shinkafa. Alheri ne babba, an ga kuɗi a ƙauyukan da ba su saba gani ba. Amma da ambaliyar 2020 ta zo, hukumomin jihar suka ce ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa, manoma da yawa kuma bashi ne a wuyansu. A irin wannan lokaci kalmar da ke bakin kowa ita ce "an sako ruwa". Ba a cewa ruwa ya zo kamar yadda kakanni ke faɗi. An san akwai madatsun Goronyo da Bakolori a sama, akwai kuma mai riƙe da makulli.

A ƙasar Yawuri ne za a fi ganin abin da kogi ke yi wa zaman mutane, da abin da ke faruwa ranar da aka sauya shi. Kafin 1968 Kwara a nan cike yake da tsibirai, wato gungu, kuma mazaunansu su ne Gungawa. Tsibiri mafaka ne, mahayin doki ba ya kai hari inda sai da jirgi. Gona ce kuma. Gungawa sun shahara da noman albasa a gefen ruwa: a yi ƙananan fangali a kan lakar da cika ta bari, a riƙa ɗebo ruwa ana shayarwa da hannu safe da yamma, kuma baƙar cika ta sa ruwa na kusa da fangali a tsakiyar rani, lokacin da sauran ƙasar Hausa ke jiran damina. Tare da su akwai Sarkawa masu su da tuƙin jirgi, akwai Kambari a gonakin tudu, kowa da abin da yake kai wa kasuwar Yelwa.

Aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. Ya haɗiye tsibirin Foge, ya haɗiye tsohon garin Busa, kusa da inda Bature ɗan yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Kimanin mutum 44,000 aka tayar. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka da Sabuwar Busa, gidajen bulo da rufin asbestos, kuma in aka kwatanta da yadda aka yi wa mutane a wasu madatsun Afirka, an yi ƙoƙari. Amma gida ba shi ne gona ba. Mutumin da gwanintarsa duka a kan lakar tsibiri take, an ɗora shi a kan tudu mai tsakuwa an ce ya yi noman damina. Da yawa sun yi ta gina ɗakunan laka da rumbuna a gefen na gwamnati, domin tsarin gidan bai yi daidai da zamansu ba. Wasu suka koma kamun kifi. Wasu suka gano cewa tafkin ma yana da nasa lokacin: duk shekara yakan ja da baya mita da yawa idan ana sakin ruwa domin lantarki, sai su bi gefen da ya bari su shuka, makiyaya su ma su sauko. Wato sun sake koyon lissafin daga farko, da sabon kogin da injiniya ke juya shi.

A ƙasan madatsar kuwa, wajen Jabba zuwa ƙasar Nufe, cikar da ke shayar da fadama ta ragu, kamun kifi ya faɗi sosai a shekarun farko. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuma, sai a buɗe ƙofofi ruwa ya sauko wa mutane a gonakinsu. A cikin tafkin, itatuwan da ba a sare ba kafin a tare ruwa sun zama kututture a ɓoye, masu jirage na yawan ambatonsu idan an yi haɗari. Ga rashin hanyoyin mota, ga lodin da ya wuce kima. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse, kaɗan ne suka tsira. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙauyuka da dama a bakin wannan tafki, waɗanda iyayensu suka ba da ƙasarsu domin a haska birane, sun shafe shekaru masu yawa ba su ga wutar ba. Hukumar HYPPADEC da aka yi dokar kafa ta a 2010 domin irin waɗannan yankuna, sai bayan kusan shekara goma ta fara aiki.

Ruwa ɗaya, ƙasashe tara

Ƙasashe tara ne ke cikin Hukumar Kula da Kwarin Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, kuma kowace tana da shirinta a kan ruwan. Jami'an Najeriya sun sha faɗin cewa wutar da ake sayar wa Nijar daga Kainji tana da nasaba da fahimtar cewa ba za a tare kogin daga sama ba. Da Najeriya ta yanke wutar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar, 'yan Nijar suka ƙara ganin dalilin mallakar tasu madatsar.

Madatsar ita ce Kandaji, kusa da Ayoru, kimanin kilomita 180 a sama da Yamai. Shugaba Mamadou Tandja ne ya aza harsashinta a 2008. An tsara za ta ba da megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma riƙe ruwan da zai hana kogi sake tsayawa kamar 1985. Aikin ya sha tsaiko, an sauya ɗan kwangila daga kamfanin Rasha zuwa na Sin, rashin tsaro a yankin Tilaberi ya ƙara dagula shi. Nijar na da haƙƙin wannan aiki, ƙasar da ke fama da duhu da yunwa ba za a ce ta zuba wa ruwa ido yana wucewa ba. Amma dubun-dubatar mutane za a tayar, cikinsu har da mazauna tsibiran Ayoru masu noman shinkafa a gefen ruwa, kuma tarihin Gungawa yana nan kusa, ba a buƙatar zuwa wata nahiya neman darasi. A biya su da gonar da ruwa ke kaiwa, da takardar mallaka a hannu, kafin a rufe ƙofar madatsa.

Su kuma na ƙasa, daga Gaya zuwa Bagudo zuwa Yawuri, baƙar cikar da suke dasa albasa da shinkafar rani a kanta za ta riƙa biyowa ta Kandaji. Hukumar kwarin kogin tana da ma'aunai a gaɓa tun daga Gini, tana kuma fitar da hasashen cika a kai a kai, sai dai yawancinsa da Faransanci da Ingilishi, a shafukan intanet. Manomin Bagudo a rediyo yake jin labari, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, kuma abin da yake so ya ji kafin ya zuba iri shi ne makon da ruwa zai iso gonarsa da inda zai tsaya.